Tsakanin Tara da Goma

Shekara ashirin da biyu ke nan ina riƙe bututun tsotse miyau a bakin mutane, don haka babu wanda zai koya mini ƙaryar ɗakin haƙori. Na san ta kala-kala. Akwai "babu zafi", akwai "kamar cizon sauro ne", akwai kuma uwarsu duka, wato "saura kaɗan". Likitanmu ya ƙware a wannan ta ƙarshen har ta zama sunansa. A gabansa Likita muke ce masa, baki cike da ladabi, amma daga ni har mai yankar kati da matar da ke dafa kayan aiki, da zarar ya ba da baya Saura-Kaɗan ne. Mutum ne da zai dafe maka muƙamuƙi ya ce saura kaɗan tun bai ma kunna inji ba.

Hannunsa dai yana da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Bakinsa ne matsalar. Bara ya je wani taron ƙara wa juna sani na kwana uku a kan yara masu lalura ta musamman, ya dawo da takardar shaida mai ruwan zinare a gefe, ya sa aka saka ta a gilashi aka rataye daidai inda duk wanda aka kwantar a kujera zai gan ta. Kwana ukun ma ɗaya a hanya ya tafi. Amma tun daga ranar ya zama gwani, ko atishawa yaro ya yi sai ya fassara mana ita da Turanci.

Ranar wata Talata aka kawo mana Auta. Tun daga ɗakin jira na fara jin labarinta, domin ɗakin jiranmu ba ya rasa masana. Mutum zai zo da kumatu kamar ya ɓoye ƙwallo a ciki, shekara goma bai san inda buroshi yake ba, amma da ya ga ɗan wani sai ilimin tarbiyya ya motsa masa. Yarinyar 'yar shekara bakwai ce, siririya, kunnuwanta rufe da abin nan na rage ƙara, hannunta riƙe da wani dogon zif tana zugewa tana rufewa. Ba ta zauna ba. Ta tsaya a lungu ta ba jama'a baya, tana ɗan rangaji, jefi-jefi ta kai wa kumatunta duka. Wata mata mai awarwaro har gwiwar hannu ta ce sangarta ce kawai, a ba ta ita mako ɗaya a gani. Wani dattijo ya ce su a zamaninsu babu irin wannan. Na leƙo na kira lambar mai awarwaron, na ce ta shigo a duba nata bakin tukuna, don ni na san abin da ke ciki.

Uwar yarinyar maɗinkiya ce, ga guntayen zare nan manne a hannun rigarta. Duk maganganun nan ko kallon masu yin su ba ta yi ba, da gani ta daɗe da ƙoshi da su. Da layi ya zo kanta, ta bar Auta a bakin ƙofa inda za ta riƙa ganinta, ta shigo ita kaɗai ta yi mana bayani. Yarinyar tana da lalurar da likitoci ke kira otizim, mutane kuma su ce galahanga. Magana kaɗan take yi, ba ta son a taɓa ta ba zato, ƙara da haske mai ƙarfi suna gigita ta. Ba ta iya cewa nan ke mini ciwo. Uwar ce ta lura ta daina tauna da baya, tana cizon wuyan riga, tana dukan kumatu, sai ta haska bakinta da fitilar waya ta hango rami a turame biyu na ƙasa, hagu da dama. Ba kuma haƙoran famfara ba ne da za a ce za su faɗi wasu su fito, na dindindin ne.

Ta ce shekara biyu da suka wuce ta taɓa kai ta wani wurin. A can ƙarti huɗu suka naɗe yarinyar a zanin gado suka danne ta, don kawai a leƙa bakinta. Bayan nan shekara guda Auta ba ta yarda ta shiga ƙofar da ke warin magani ba, ko da ta kanti ce.

Sannan ta gaya mana zancen goma. Ita ta ƙirƙiro abinta a gida, ba wanda ya koya mata. Duk abin da Auta ba ta so amma ya zama dole, ana yin sa ne a cikin ƙirga: uwar za ta fara daga ɗaya a hankali, kowace lamba numfashi guda, da ta ce goma sai ta ɗauke hannu. A huta, in yarinyar ta yarda a sake wata goman. Da buroshi suka fara, ranar farko leɓe kawai ya taɓa. Sai da suka yi shekara biyu kafin a goge baki gaba ɗaya. Yanzu yanke farce, taje kai, wanke gashi, shan magani, komai na gidan a kan goman nan yake tafiya.

"Amma goma goma ce, Likita," in ji ta. "Ko almakashi yana tsakiyar farce, in na ce goma na cire. Akwai ranar da ta tafi makaranta da rabin kai a taje. Ban taɓa ƙara mata ko ɗaya ba, shi ya sa take yarda."

Saura-Kaɗan bai bari ta rufe baki ba. Ya ce ai wannan sanannen abu ne, sun yi shi a wajen taro, ya ambaci sunansa da wata kalma mai tsawon igiyar shanya, ya ɗan waiwayi takardarsa ta bango ko za ta ba da shaida. Daga nan ya ce hanya biyu ce. Ko ya rubuta mata takarda zuwa babban asibiti a yi wa yarinyar allurar barci, inda layi ke kai wata takwas, kuma su can ba sa zaman ciko a irin wannan, cirewa suke yi su huta. Ko kuma a gwada a nan, a hankali, a cike ramukan a bar mata haƙoranta. Uwar ta ce a nan. Ya ce madalla, Sista za ta shirya masa ita. Ma'ana ni zan yi wahalar, shi ya zo ya ɗauki hoto.

Muka tsayar da Talata, ƙarfe biyu da rabi, lokacin da ɗakin jira ke zama wayam. Makon farko Auta ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin aiki, uwar ta ƙirga goma, suka juya suka tafi. Aikin ranar ke nan. Mai yankar kati ta tambaye ni ko wannan ma za ta rubuta shi a matsayin ganin likita, na ce ta rubuta, ya fi rabin abin da ake yi a nan amfani. Mako na biyu ta shigo ta taɓa kujerar da yatsa. Na uku ta hau, amma ba a kwantar da ita ba. Ni kuwa na daina fesa turare ranar Talata, na sauke agogon bango mai ƙas-ƙas na tura shi cikin durowa, na kashe doguwar fitilar nan ta sama da ke kyaftawa wadda shekara uku ana cewa za a gyara. Na nemo baƙin tabarau na yara saboda hasken fitilar kujera. Kayan aiki kuma kullum a jere iri ɗaya a kan faranti, ɗan madubi a hagu, auduga a dama, domin ranar da na sauya musu wuri ta sauka ta fice, sai da muka koma baya da mako guda.

A mako na huɗu uwar ta kira ni gefe. Ta ce idan aka kwantar da Auta, ita a wajen ƙafafu za ta zauna ta riƙe mata idon sawu, haka ke kwantar mata da hankali, kuma daga can ba za ta ga abin da ake yi a baki ba. Dole wanda ke tsaye a kanta ya yi ƙirgar. Ta dube ni sosai ta ce ba ta taɓa ba wa kowa ba, ko mahaifin yarinyar, don shi in ya kai bakwai sai ya fara sauri. Na ce ta kwantar da hankalinta, ni ba irin su ba ce. Har da taɓe baki na faɗa, ina nufin Likita da ire-irensa.

Auta ba ta karɓe ni haka kawai ba. Sai da na sauke takunkumi ƙasan haɓa don ta ga bakina. Ba ta kallon idon mutum, amma leɓena ta zuba wa ido kamar mai duba ɗinki. Na sa ɗan madubi a bakinta na fara. Da na kai goma na zare hannu fit, har madubin ya kusa faɗuwa. Ta zuge zif ɗinta sau biyu, sannan ta sake buɗe baki da kanta. A karo na uku, da na ce tara, sai na ji wata 'yar murya ta riga ni.

"Goma."

Ni ba mai saurin kuka ba ce, na ga jini da ruɓa da manyan maza suna kiran uwayensu a kujerar nan ban ji komai ba. Amma ranar sai da na shiga ɗakin dafa kayan aiki na tsaya na ɗan lokaci. Na ji daɗi, kuma ba zan ɓoye ba, na hura hanci. Da na fito har wani kallon hadarin kaji na yi wa takardar bango.

Shigo da Likita cikin aikin ya fi koya wa yarinyar wuya. Na jera masa dokoki: ban da turare, ban da waya, ban da shafa kai, ban da "yarinyar kirki", uwa uba ban da "saura kaɗan". Ya sha mur ya ce shi ne zan koya wa aiki? Na ce a'a, ranka ya daɗe, tuna maka nake da abin da aka koya muku a taro. Nan take ya saki fuska ya ce ƙwarai kuwa, haka aka ce. A mako na shida ya zauna a kanta a karon farko. Ba mu kunna injin sassaƙa ba, don ƙararsa kaɗai ta isa ta rushe komai. Da ɗan cokalin ƙarfe ya kankare ruɓar turmin hagu, goma bayan goma, har sau shida, ina ƙirgawa yana cire hannu. Na faɗa tun farko, hannunsa yana da kyau. Muka toshe ramin da abin wucin gadi, muka ce mako mai zuwa a yi ciko na gaske, na sama kuma a koma turmin dama.

Kafin mako ya zagayo labari ya cika gari, ta bakinsa. Ya kira abokansa a waya, ina ji daga ɗaki na biyu, yana ba su labarin "tsarina na ƙirga goma". An ma gayyace shi ya yi jawabi a wani taro. Maɗinkiyar da ta yi shekara biyu durƙushe a banɗaki da buroshi a hannu ko sunanta bai fito ba, balle ni.

Ranar Talata na shigo ɗakin aiki da faranti, sai na tarar da wasu sababbin likitoci biyu, mace da namiji, cikin fararen riguna masu karin guga, kowanne da littafi da biro. Wai sun zo ganin tsarin Likita. Raina ya ɓaci. Na ce wa Likita yarinyar ba ta san su ba, ba a yi da ita za a ƙara mutane ba. Ya ce ilimi ba a ɓoye shi, Sista, gobe su ne za su taimaki dubban yara irinta. Ka ji mutumin da bai san sunan uwar yarinyar ba yana zancen dubbai. Muka yi ta ja, a ƙarshe na tura su can bayan kujera inda Auta ba za ta gan su ba, na ce wanda ya yi tari ya fita. Da uwar ta shigo ta gan su ta tsaya turus, ta dube ni. Na ce mata babu komai, ina nan.

Shi ciko ba wani abin mamaki ba ne. Wani abu ne kamar ƙullu, a cusa shi a ramin bayan an busar, a haska masa wata 'yar fitila mai shuɗin haske ya daskare. Sharaɗinsa ɗaya, kada miyau ya taɓa shi kafin ya daskare. In ya taɓa, sai a kankare a sake. Ni da Likita mun gwada a kan haƙorin roba har sau biyar: ina cewa ɗaya ya ɗauko, kafin uku ya cusa, daga huɗu zuwa goma fitila. Lissafin ya fita daidai, babu ragi babu ƙari.

Auta ta hau kujera, ta sa tabarau, uwar ta riƙe mata ƙafafu. Goman farko muka cire abin wucin gadi. Ta biyu muka wanke. Ta uku muka jera auduga muka busar. Komai lafiya, har na ji na bayan suna rubutu. Sai ta huɗu, mai muhimmancin.

Na ce ɗaya. Likita ya ɗauko ƙullun a bakin ƙarfe, ya ɗaga shi sama, maimakon ya nufi baki sai ya juya kai wajen baƙinsa. Murya ƙasa-ƙasa, wai shi mai kiyaye doka, ya fara bayyana musu cewa su lura da yadda ya gina amana tsakaninsa da marar lafiya. Na ce biyu, na ce uku, yana gina amana. Na taka masa ƙafa a huɗu. Bai cusa ba sai a shida, fitila ba ta kama ba sai a bakwai.

Na ce takwas. Na san ba za mu kai ba, shi ma ya sani. Da na ce tara ya ɗago ya dube ni ta saman tabaransa, ya kashe mini ido ɗaya.

Ina so a fahimci abin da ke gabana a lokacin, don kada wani ya yi mini uzurin da ban nema ba. In na ce goma, zai cire hannu, ta rufe baki, miyau ya ɓata cikon, mu mayar da abin wucin gadi mu sake mako mai zuwa. Shi ke nan asarar, mako ɗaya da ɗan ƙullu da kunyar Likita a gaban yara biyu masu biro. Ba kuma tsoronsa nake ji ba, mutumin da na taka wa ƙafa yanzun nan. Abin da ya faru shi ne na ga aikin ya kusa, ga haƙori a bushe, ga fitila a kai, numfashi huɗu kawai ake nema. Shekara ashirin da biyu hannuna da bakina sun saba da cewa in aiki ya kusa ba a tsayawa, a lallaba marar lafiya da kowace irin magana har a gama, daga baya ya gode. Kuma ina so a gama a yau, a ce yarinyar da ƙarti huɗu suka kasa ni na iya da ita.

Sai na ja taran. Na ja ta har numfashina ya ƙare, sannan na yi shiru.

Auta tana kallon leɓena. Ta jira. Da ta ga ba su motsa ba, sai ta faɗi goman da kanta, baki cike da auduga da yatsun mutane, kalmar ta fito a murguɗe amma kowa a ɗakin ya ji ta. Babu wanda ya cire hannu. Ta fara ƙoƙarin rufe baki, sai na ji yatsuna sun danne mata haɓa, irin dannewar da nake yi wa kowa, ban ma yi shawara da su ba. Likita ya ce saura kaɗan. Fitilar ta yi ƙara alamar ta gama, na ce goma, muka ɗauke hannu.

Na zaci za ta yi ihu, ba ta yi ba. Ta tofar da audugar a kan rigarta, ta cire tabarau ta ajiye a faranti, ta sauka ta bi ta gefen uwarta ta fita. Baƙin Likita suka yi ɗan tafi da yatsu, macen har tana cewa ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Shi kuwa baki har kunne, yana cire safar hannu yana cewa sun gani ko, abin duk haƙuri ne da sanin halayyar yaro. Uwar ta miƙe a hankali. Ba ta ga abin da aka yi a bakin ba, amma kunnenta ƙalau yake. Ta dube ni, na sunkuya ina tattara audugar da ba ta buƙatar tattarawa. Ta ce mana sannu da aiki, ta bi 'yarta.

Talata ta zagayo, na sauke agogo, na jera faranti, ba su zo ba. Na ce wa mai yankar kati wataƙila mura ce. Ta sama ma ba su zo ba. A tsakanin nan Likita ya je ya yi jawabinsa, ya dawo da wata takardar, aka rataye ta kusa da 'yar uwarta. Ni kuma na yi ta ba kaina labari: numfashi huɗu ne fa, yara suna mantuwa, haƙori dai ya tsira. Duk wanda ya tsaya kusa da ni a makonnin nan ya sha labarin yadda Saura-Kaɗan ya tsaya surutu da ƙullu a hannu. Na iya ba da labarin sosai, har da kwaikwayon muryarsa, matar da ke dafa kayan aiki tana dariya har da riƙe ciki. A inda na taka masa ƙafa nake tsayawa.

A mako na uku, ranar Alhamis da hantsi, ina cika takardu a teburin gaba sai ga uwar ita kaɗai. Ta rame. Na tambayi Auta, ta nuna mini taga. Can tsallaken titi na hango ta tare da yayarta, ta juya wa gininmu baya, gashinta a cukurkuɗe, kumatun dama ya tasa har daga nan ana gani.

Ba ta ɗaga murya ba, a tsaye ta gaya mini komai kamar mai karanta awon riga. Tun ranar, da ta ce ɗaya sai Auta ta toshe kunne ta shige ƙarƙashin teburin yanka, in aka matsa ta ciji hannunta har ya fashe. Kwana ashirin da uku buroshi bai shiga bakinta ba. Farata sun yi zaƙo-zaƙo ta yakushe fuskarta da su, makaranta sun ce a riƙe ta a gida tukuna. Turmin dama ya kumbura, an rubuta mata magani, amma maganin ma da goma ake shan sa. Ta gwada waƙa, ta gwada agogon yashi, ta gwada ƙirgawa da yatsu ba magana, yarinyar ta gane duk abu ɗaya ne. Don haka ta zo karɓar takardar babban asibiti.

Na fara borin kunya. Na ce wallahi Maman Auta laifin Likita ne, mun tsara komai, shi ya tsaya yi wa baƙi lacca, ni har ƙafa na taka masa. Ta bar ni na kai aya.

"Na sani, Sista. Na ji shi," in ji ta. "Amma shi ban ba shi komai ba. Ke na ba wa."

Ni da bakina ba ya mutuwa a asibitin nan, na tsaya ina gyara biro a cikin gwangwani.

Daidai nan Likita ya fito daga ɗakinsa da kofin shayi. Ya gan ta ya washe baki, ya ce a'a, Maman yarinyarmu, ina kuka shiga, ya cikon namu? Ta ce ciko yana nan daram. Ya ce ai ya sani, aikinsa ba ya faɗuwa. Da ta gaya masa abin da ya kawo ta, ya girgiza kai cikin alhini irin na masana, ya ce haka yaran nan suke, yau gaba gobe baya, an yi musu bayanin hakan a taro, kada ta zargi kanta. Sannan ya ce in ɗauko fom ɗin tura marar lafiya in cika, ya sa hannu, yana da mutum a kujera.

Na ɗauko. Na rubuta shekaru, na rubuta turmin dama na ƙasa, na rubuta kumburi. Da na zo layin da aka ce a faɗi dalilin turawa sai na tsaya, na ɗago na dube shi. Ya kurɓi shayi ya ce, "Rubuta: yarinya ba ta ba da haɗin kai."

Uwar tana tsaye a gabana, tsakaninmu faɗin tebur kawai, idonta a kan biron. Likita yana jira da hannu a miƙe. Layin gajere ne, ba zai ɗauki dogon bayani ba, kuma can babban asibitin ba sa karɓar mutum a layin allurar barci sai da wannan dalilin. Duk wannan gaskiya ne, na kuma gaya wa kaina shi a lokacin.

Na rubuta. Rubutuna yana da kyau, kowa ya sani a wurin nan, shi ya sa ni ake ba cika takarda. Likita ya sa hannu ya koma ciki, na buga hatimi na miƙa mata. Ta karanta daga sama har ƙasa, ba ta tsallake layi ko ɗaya ba, ta ninke ta biyu ta sa a jaka, ta tambaye ni ƙofar da ake bi a can in an je da yaro.